Rasuwar Kulocin Jar Motar Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar hagu da ta rasa abin takawa, Auta, ƙanin mai kantin fenti na bakin kwana, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kulocin motarsa, jar motar nan mai kujera biyu wadda unguwa ke jin kukanta kafin ta ga jikinta. Marigayin ya cika ranar Asabar da yamma a hawan gadar fita gari, cikin cunkoso, bayan gajeruwar jinya wadda Autan ne ya yi ta, kuma shi ne, in ji masu tsegumi, ya jawo ta.

Ba za a ce Allah ya jiƙansa ba, tunda ƙarfe ne. Amma in ana yabon ƙarfe, wannan ya ci a yabe shi.

Marigayin ya zo duniya a hannun Kawu, yayan mahaifiyar Auta, wanda ya tsinci motar a mace a bayan wani gareji, kaji na ƙwai a kan kujerunta, ya tashe ta noti bayan noti. Shi ya ɗaura kulocin, shi ya saita fedarsa. Ya bar mata ɗan sako-sako a sama, faɗin yatsa biyu, wanda ƙafa ke takawa ba ta ji komai ba kafin aiki ya fara. Da ya gama sai ya ɗiga farin fenti a kan notin da ke bayan fedar, alamar cewa nan ne iyaka. Da Kawu ya kwanta dama, aka tarar ya bar wa Auta motar, don shi kaɗai ne cikin dangi yake tsallake katangar makaranta ya zo ya kwanta tare da shi a ƙarƙashinta. Makarantar ma daga baya ta gaji da jiransa.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da gaskiya. Bai taɓa kamawa yau a sama gobe a ƙasa ba. Mai haƙuri ne, don ya jure koyon Auta, ya rufa masa asiri a gaban 'yan mata sau ba adadi. Ba shi da yawan magana. In aka taka shi ya ce ƙiiit, in aka sake shi ya ce tuk, shi ke nan. Kawu ya ƙi sa masa mai da gangan, wai mutum ya riƙa jin abokin tafiyarsa.

Babban alherinsa kuwa Auta ne kaɗai ya san girmansa. Auta na wuni ne a ɗakin bayan kantin Yaya, inda ake haɗa kala. Ɗakin ba taga, sai wata fanka da ke kwasar warin tina, ruwan tsinka fenti, daga wannan bango ta kai wancan. Tun buɗewa har rufewa aikin ɗaya ne: ruwan toka, ruwan madara, a sake ruwan toka, injin girgiza gwangwani na kaɗa masa haƙora. In an tashi, marigayin ne ke fitar da shi. Su kama hanyar bayan gari mai kwane-kwane, daga giya ta biyu zuwa ta uku, ƙiiit, tuk, zuwa ta huɗu, iska na wanke masa hanci. Sai ya dawo gida da ƙarfin jure gobe.

Yaya dai bai taɓa son motar ba. A wurinsa motar da ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar duro, abin wasa ce. Ya yarda a riƙa ajiye ta a bayan kanti bisa sharaɗi guda: ranar da aka jawo ta da igiya, makullinta ya koma aljihun teburinsa, Auta kuma ya zauna ya rungumi fenti kamar kowa. Marigayin ya riƙe wannan amana shekara da shekaru, ko sau ɗaya bai ba Yaya hujja ba.

Ciwon ajalin ta waya ya shigo. Zaman ɗaki mara taga kan sa mutum kallon abin da bai kamata ba, Auta kuwa ya faɗa wa hotunan waɗansu samari masu gyaran motocin tsere, masu cewa kulocin da bai kama nan take ba, barci yake yi. Tun daga nan ɗan sako-sakon Kawu ya tsaya masa a rai kamar tsakuwa a takalmi. Da farko ya cire ɗan sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke taimaka wa fedar. Ta yi nauyi, ya ji daɗi, har ya yi mako yana yabon kansa. Sannan ya zura kai ƙarƙashin sitiyari da sifana, ya murɗa notin nan kaɗan. Ɗigon farin fenti ya rabu biyu. Ya gani, ya kau da kai. Wani makon ya ƙara, na gaba ma ya ƙara, har sai da fedar ta tsaya ƙyam, ba ko ƙwayar wasa, ana taɓa ta tana amsawa. Auta ya rantse bai taɓa jin mota a tafin ƙafarsa kamar lokacin ba.

Marigayin bai yi ƙorafi ba. Ya dai daina cewa ƙiiit. Daga baya wani ƙauri ya fara biyo su a hawa, Auta ya ɗora laifin a kan motar da ke gaba.

Ranar Asabar ɗin akwai jakar kayan Auta a bayan kujera. Wani dillalin motoci a gari mai nisa yana neman direban da zai riƙa kai wa masu saye motocinsu, can Auta ya nufa, kuma bai gaya wa kowa a gida ba. Sun kai tsakiyar hawan gada, cunkoso ya kulle gaba da baya, taka, saki, taka, saki. Da hanya ta buɗe, Auta ya saki feda ya ba da wuta. Inji ya yi ihu har mutane suka waiwayo, mota kuwa ko gezau. Hayaƙi ya taso ta ƙasa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce shhh, doguwa, kamar ta mai lallashin yaro.

Lamba ɗaya ce a wayar Auta ta mai igiya. Yaya ya zo da motar kai kaya ta kanti, ya ɗaura, ya jawo su ta tsakiyar unguwa a hankali, yadda kowa zai gani. A bayan kanti ya leƙa ya ga jakar. Ya ɗauke ta ya miƙa wa Umma, mahaifiyarsu, ya dawo ya buɗe tafin hannunsa, Auta ya sa makulli a ciki.

Bakaniken da ake kira Likita ya duba gawar. Ya haska notin, ya ga rabin ɗigon Kawu a nan, rabi can nesa, ya girgiza kai. Bayaninsa shi ne, kulocin da ba a bar masa wurin sakewa ba, kullum a ɗan take yake ko da ƙafa ba ta kansa. Bai kama ba, bai saki ba, yana ta cin kansa a hankali har ya ƙare. Auta bai nemi ƙarin bayani ba. Ya san ciwon.

Marigayin ya bar giya shida marayu da ƙanwarsu ribas, babu mai shigar da su babu mai fitar da su. Ya bar maƙwabcinsa birki, da totur wanda ya yi ta ihu a kansa har ya cika. Ya bar ɗan sifirin guda da ke aljihun Auta, wanda aka raba su tun yana da rai. Umma ta nemi a cire sunanta daga masu makoki, don tun ranar take barci da kyau.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe, kafin a buɗe kanti. Gawar tana cikin motar, a nan kuma za a bar ta, tunda ciro ta sai an sauke giyabos, Yaya kuwa ya ce ba a filinsa ba. Ana neman majiya ƙarfi huɗu da za su tura ta lungun da ke tsakanin katanga da tulin durorin fanko, inda za a ɗora ta a kan bulo a lulluɓe ta da tamfol. Auta zai riƙe sitiyari ta taga.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin haɗa kala, daga buɗewa zuwa rufewa, kullum, don mai makokin ba ya zuwa ko'ina. Masu motar da ke canja giya da kanta su taimaka su ajiye ta nesa. Wanda kuma ya shigo ya ga ƙafar Auta ta hagu tana taka siminti a ƙarƙashin tebur tana sakewa, kada ya yi masa magana. Ya bari ya kai giya ta huɗu tukuna.