Shayin Long Island

Ina cikin jirgin ruwan da ke kai mu unguwar St. George aka bugo daga Kumasi cewa yayana ya cika. Washegari dattawan masallacinmu suka zo mini ta'aziyya, har da Liman. Gida babu girki, gidan tuwonmu na unguwar Tompkinsville kuma a rufe, ni kuwa ba na so a ce an zo gaisuwar Yaya an tafi da yunwa.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, na san wani wuri kusa da kwaleji, kullum ina sauke ɗalibai da tasi a ƙofarsa. Ban taɓa shiga ba, amma ban faɗa ba.

Muka shiga da manyan riguna. Wurin duhu-duhu, ɗalibai suka bar kallon ƙwallo suka koma kallonmu. Na ce a kawo kifi da dankali, da wani shayin Long Island da na gani a takardar abinci, kowa kofi guda. Yarinyar da ke kai abinci ta tambaye ni sau biyu. Na ce mata na girmi ubanta a shan shayi.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai gajen haƙuri, ya kurɓa.

"Kai, wannan shayin yana da hujja!"

Liman ya tsaya, ya shinshina kofinsa.

"Malam, giya ce."

Muka fita a jere, Alhaji yana ta tofar da yawu.

Har yau in na shiga masallaci sai wani ya ce, "Mai shayi, a haɗa mana mai hujja." Addu'ar Yaya kuwa, har yanzu ba mu shafa ba.