Ranar da Jitar Yaya Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba. Ina shagonmu a Angwan Iya ina goge katako da samfefa, sai wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce. Ta ce, “Ka ajiye abin da ke hannunka. Yayanka ya tafi.” Na ajiye.

Ni da Yaya Ishaku mun daɗe muna haɗa jitar lantarki a shago ɗaya. Ni kafinta ne, katako ne nawa. Shi ne makaɗi, shi ke haɗa waya da fikof, wato ƙarfen maganaɗisun nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiya, mai ɗaukar sauti ya kai wa lasifika. Yakan ƙwanƙwasa katako da yatsa, ya kara kunne, sannan ya zaɓa. Madaci mai nauyi yana da kaurin murya, sai ya ba shi siririn fikof mai zaƙi, irin wanda kiɗan coci ke so. Malaina kuwa ba ta da nauyi, abu kaɗan ke girgiza ta, sai ya nemo mata mai sanyin hali. Ni dai nakan gyaɗa kai (a raina ina cewa ƙarfe ai ƙarfe ne).

Sati shida ya rage bikin 'yarsa Rifkatu. Ya yi mata alkawari zai rako ta daga gaban Fasto har ƙofar coci da wani kiɗa da ya ƙirƙira tun tana goye, kuma da sabuwar jita. Na riga na sassaƙa jikinta da malaina, na rarake cikin. Saura aikinsa. Bayan jana'iza dangi suka zauna, aka ce ba za a ɗaga biki ba. Kwana biyu da haka Rifkatu ta shigo shago.

“Baba Ƙarami, kai za ka kaɗa.”

“Ni? 'Yata, ni ina taɓa tsirkiya ne don in ji ko katako ya miƙe.”

“Ba wanda ya ji kiɗan nan kamar kai. In ba ka yi ba, shiru zan fita.”

Na ce to. Me zan ce?

Na buɗe gwangwanin da Yaya ke tara fikof, na zaɓi mafi girma, mafi sheƙi. Daga baya na ji cewa daga jitar wani ɗan jami'a ya ciro shi, irin masu kiɗan nan mai tsaga kunne. Da na buɗe murfin fikof ɗin sai na ga wani farin abu kamar kitse ya cika cikinsa. Na ce Yaya mutumin kirki ne, amma tsabtar aiki ba tasa ba ce. Na ajiye shi kusa da garwashi har abin ya narke, na goge shi tas da tsumma. Akwai soso da ƙananan sifirin da ake sawa a ƙarƙashinsa, su ma na zubar, don kafinta ba ya barin abu yana motsi. Na ɗaure shi tam a jikin katako.

Maƙwabcinmu Malam Tanko mai gyaran rediyo ya leƙo, ya duba.

“Kafinta, ina kakin?”

“Wane kaki?”

“Na cikin fikof. Marigayi a kakin zuma yake tsoma su.”

“Au, dattin nan? Na wanke.”

Ya cire hula ya sosa kai. “Kawo in sake tsoma maka. Kuma wannan ya fi ƙarfin malaina.”

Na ce, “Malam, ka tsaya kan rediyonka.” (Na rubuta ne yadda na faɗa. Ban rage ba.)

A shago na gwada da ƙaramar lasifikarmu. In na taɓa katakon da farce sai in ji ƙwas a lasifika. Na ce lallai wannan jita tana da ƙarfi. Sati biyar ina koyon kiɗan har yatsuna suka yi kanta.

Ranar biki coci ya cika. Dangin ango sun zo daga Garaku a motoci, an yi hayar manyan lasifiku huɗu, mai kula da su ya ƙure murya. Ina zaune a gaba, sanye da kwat ɗin Yaya da takalminsa, jita a cinya. Zumuntar mata suka tashi waƙa, shugabarsu Mama Asabe a gaba. Ta yi, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Da ƙyar suka zauna. Fasto ya ce kowa ya sunkuyar da kai, a yi addu'a a zuci don tunawa da uban amarya.

Na sunkuya har bakina ya kusa taɓa tsirkiya. Tun rasuwarsa na saba yi masa magana in ni kaɗai ne, a hankali. Na ce, “Yaya, ka tafi ka bar ni da Mama Asabe. Baiti ɗaya sau tara. Takalminka kuma yana matse ni. Angon nan dai yaron kirki ne, amma manyan kunnuwan nan nasa, ina nan kan bakana, jikokinka za su gada.”

Na ja numfashi. “Ban iya ba, Yaya.”

Sai na ji kalmar ƙarshe ta dawo mini daga bayan coci.

Fikof ɗin da aka cire wa kaki, aka kuma manne shi da raraken katako, ya zama makirufo. Duk abin da na faɗa ya fita ta lasifiku huɗu, har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa sun ji. Na ɗaga kai. Ango ya dafe kunnensa ɗaya. Mama Asabe ta buɗe ido ɗaya tana kallona. Fasto kuwa ya ƙi buɗe nasa, amma kafaɗunsa suna motsi. Na zabura zan tashi, sai jitar ta fuskanci lasifika ta saki wata ƙara kamar an taka ɗan alade. Jarirai suka fashe da kuka.

Na roƙi ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

Wadda ta fara dariya ita ce matar yayana. Sati shida ba wanda ya ga haƙorinta. Ta yi dariya har ta kama bencin gabanta, hawaye na zuba, sai coci duka ya ɗauka. Mama Asabe ta ce da ƙarfi, “Sau bakwai ne, Kafinta! Ka koyi ƙirga!”

Sannan matar yayana ta sunkuya, ta jawo wani abu naɗe da zani daga ƙarƙashin benci, ta kawo mini har gaba. Tsohuwar jitar Yaya ce ta madaci, fentinta duk ya goge.

Ta ce, “Malam Tanko ya ce in taho da ita. Karɓi. Ya ji ka, mu ma mun ji ka. Yanzu ka kaɗa.”

Na rataya ta. Nauyinta ya zauna mini a kafaɗa. Da na taɓa tsirkiyar farko dariya ta ɗauke. Muryar ta fito siririya, garau, da kaurin madaci a ƙarƙashinta, daidai yadda kowa a cocin nan ya saba ji ran Lahadi. Wata tsohuwa a baya ta ce, “Ishaku!” Rifkatu ta kama hannun mijinta, ta fara takowa. Na ɓata sau biyu, na ci gaba. Ba ta yi sauri ba. Ta bi kiɗan taku-taku, mata na guɗa, maza sun miƙe tsaye. A bakin ƙofa ta juyo ta ɗaga mini furenta sama. Ban tsaya ba sai da mutum na ƙarshe ya fita.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga abin da ba ka gane ba a aikin wanda ya fi ka sani, kada ka wanke. In kuma za ka yi gulma da mamaci, ka fara zare waya.

Na je na ba Malam Tanko haƙuri, ya sa na maimaita a gaban masu shayi. Mama Asabe ta yafe, da sharaɗin in riƙa kaɗa wa zumunta duk ranar Alhamis, kuma ina zuwa. Ango ya ce ba komai, a gidansu ma haka ake tsokanarsa.

Malam Tanko ya zauna da ni mun ƙwanƙwasa malainar, ya zaɓo mata wani fikof daga gwangwanin, ya ce da Yaya na nan, wannan zai sa. Rifkatu tana jira in kai mata jitar. Na ɗauki sukundireba sau uku, ina ajiyewa. Aikin Yaya ne da ya saura. Ban ɗaura fikof ɗin ba tukuna.