Rasuwar Mai Huci, wadda shiru ya kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni, mai ɗinkin labule, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda muke kira Mai Huci. Ranar Talata ina kan keken ɗinki mai gyaran kwamfuta ya kira ni a waya. Tun daga tsawon gaisuwarsa na san babu labari mai daɗi.

Marigayiya ta shekara tara a gidan nan. Ta maigidana ce, ya riga ta tafiya da shekara uku. A cikinta akwai bidiyonsa guda ɗaya tak, minti biyu, yana neman tabarau yana yi mini faɗa, alhali tabarau na kan goshinsa. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa tsegumi ba duk abin da ta gani. Aibinta ɗaya, huci. Da an kunna ta sai fankar cikinta ta fara fuuu, fuuu, har ta danne maganar mutumin da na zauna ji.

'Yata ce ta sa mata wani abu na daidaita gudun fanka, mai hawa uku. Ta ce in bar shi a tsakiya, in zafi ya yi in ɗaga sama. Na ji wannan sarai. Amma rannan na ja shi can ƙasa, sai ga muryar maigidana tar. Nan na bar shi.

Daga nan jinya ta fara. Jikinta ya riƙa zafi rau, har tana ɗan karkarwa. Ni kuwa na raini yara huɗu, na san zazzaɓi in na gan shi. Na ɗinka mata riga da ragowar labule mai kauri, na shimfiɗa soso a ciki, na bar ƙofar caja kawai. Ƙananan ramukan nan na gefenta da ƙasanta, ado na ɗauke su. Na daina ajiye ta kan tebur mai tauri, na mayar da ita kan matashi. Da ta yi tsit, na ce alhamdulillahi, ta samu sauƙi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙit.

Mai gyara ya ce numfashi na toshe mata, kuma ya ciro zaren da ya isa ɗinka maɓalli goma daga fankarta. Ya yaba ɗinkin rigar dai.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin salatif, jaka mai mataccen zif, da rigar nan, wadda har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.

Ta kuma bar amana. Mai gyara ya ciro wani ɗan ƙarfe daga cikinta, ya ce nan take ajiya, wuta ba ta kai can ba. Ya jona shi a tasa kwamfutar, maigidana ya fito yana neman tabarau. Na ji kowace kalma. Sai dai ɗakin ya yi mini faɗi, don shekaru shida na ƙarshen rayuwarsa mutumin nan yana magana, ita tana huci a gefensa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a shagon mai gyara, cikin kwalin da ke ƙasan tebur, kusa da 'yan uwanta. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da bargo.

Bidiyon yana cikin wayata yanzu. Kullum kafin in hau keke nakan buɗe shi, amma sai na fara kunna fankar tebur, a hawa na sama.