Kyaftin Ya Sauka da Kansa

Da na sayi sabuwar kwamfuta, na juye mata duk jirage da filayen sauka da na ƙara wa wasana na tuƙin jirgi. Abokaina a Kazaure Kyaftin suke kirana, sai na tara su, har da Kawu Sale, su sha kallo.

"Kowa ya ɗaura bel," na ce, ina karkata hula.

Duk saukar da na gwada, hancin jirgi a gona yake kafewa. Ashe tsohuwar kwamfutar ce ke saukar min da shi da kanta, ban kwaso wannan saitin ba!

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, ba kai ka kai mu Makka ba."

Har yau in na tsayar da babur lafiya, sai majalisa ta kaure da tafi: "Kyaftin ya sauka da kansa!"