Ranar da Na Shayar da Kawun Hadiza Ruwan Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kawun Hadiza ya zo Ƙanƙara bincike a kaina ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunayen jikokina.

Bari in fara da cutar da ta jawo min. A Legas na kwaso ta lokacin bautar ƙasa, a gidan wani mutum da ya ajiye teku sukutum a falonsa cikin akwatin gilashi. Da na dawo gida na kama koyarwa, sa'o'ina na kiwon raguna, ni kuwa na haɗa nawa ɗan akwatin a ɗakina na ƙofar gida, sola na juya ruwan. Ana nan sai mutumin ya aiko min da guntun murjani mai rai ta hannun direba.

Wayyo daɗi! In ka gan shi a duhu sai ka ce tsakuwa, amma da na kunna masa shuɗiyar fitila sai ya buɗe wasu 'yan yatsu kore shar, kan kowanne kamar guduma, suna ta rausaya. Shi kansa mai aikowar bai san irinsa ba. Na tura hotonsa zauren masu kiwon murjani a waya, aka yi ta musu, daga ƙarshe wani gwani ya ce mai kan guduma ne, amma launinsa ba kasafai ake samu ba. Saura kaɗan in taka rawa. Ya ja min kunne cewa a riƙa sabunta masa ruwan gishiri, kuma kada ruwan ya yi zafi.

Kada ya yi zafi, a Ƙanƙara, da bazara! Nan basira ta zo min (a lokacin dai basira na ɗauke ta). Na sayo sabuwar randa na girke kusa da ta ruwan shana, ina haɗa ruwan gishirin a ciki ya yi sanyi kafin in zuba masa.

To, Hadiza 'yar Faskari ce, kuma maganarmu ta kai ga manya. Sai dai labari ya je gidansu cewa yaron nan dutse yake kiwo, har hira yake yi da shi. Shi ya sa aka tashi kawunta, Alhaji Mamman, ya zo ya ga ko da sauran hankali a jikina. Abin da ya koma ya faɗa, shi ke nan.

Ya iso da tsakar rana a bayan ɗan acaba, gumi ya jiƙa babbar rigarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na shigar da shi ɗaki. Yana ganin akwatin ya ce, "Malam, wanga abu mi ne ne?"

Ai kuwa ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Na rufe taga, na kunna fitila, murjanin ya buɗe kamar ya san da baƙo. Alhaji ya matso yana "Ikon Allah! Murjani dai da mata ke sawa a wuya? Ashe rai gare shi?" Na ce danginsa ne. Kaina ya kumbura, na shiga lacca ba ji ba gani, har sai da muryar Inna ta ratso daga tsakar gida: "Kai! Baƙo ya taho tun daga Faskari, ko ruwa ba ka ba shi ba?"

Ban daina zuba ba. Idona na kan murjani, bakina na bayanin guduma, hannuna ya buɗe randa ya ciko kwanon sha. Na miƙa da hannu biyu, har da rusunawa.

Alhaji ya yi bismilla, ya kafa kai irin na mai ƙishin gaske. Sai na ga maƙogwaronsa ya tsaya. Idanunsa suka fito, kumatunsa suka cika. Na waiwaya na ga randar da na bari a buɗe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bawan Allah, don kada ya tofar a ɗakin mutane, haɗiyewa ya yi. Ya share hawaye da hannun riga, ya ce a hankali, "Malam, rijiyarku ce haka?"

Na zube ƙasa ina rantse-rantse ina ba da haƙuri. Inna ta aiko da fura mai sanyi, ya sha, ya hau acaba ya tafi. Na zauna na zuba wa murjanin ido, shi kuwa rausayarsa kawai yake yi. Na riga na sallama Hadiza.

Daga baya ita ta ba ni labarin rahoton da ya kai gida. Wai ya ce, "Ku ba shi ɗiyar. Wanda ya saya ma dutse randa don kada ya ji zahi, ba ya barin mace ta wahala. Amma hankalin nashi, a dai ci gaba da addu'a."

An ba ni Hadiza, murjanin ma har ya yi rassa. Na kuma koyi cewa baƙo ruwa ake fara ba shi kafin lacca, a kuma leƙa randar tukuna. Sai dai har yau, duk ranar da Alhaji ya zo gidana na kawo masa ruwa, sai ya turo min kwanon a gaban kowa ya ce, "Bismilla, Malam. Kai hwara."