Maƙerin da Bai Iya Buga Ƙusa Ba

"Lafiya lau, amarya. Ina ganyen shayina? Ko kin sayar a hanya kin sayi jan-baki?"

"Ga shi, tsoho. Sai da na karaɗe titin Gate City Boulevard kafin na samo mai ɗacin nan da ya ƙarar maka da haƙora."

Gaisuwar Hafiza da kakanta Alhaji Issaka ke nan. Buzu ne na Agadas, ya tsufa a Greensboro ta Amurka, amma har yau rawaninsa bai san ya bar gida ba. Tun tana goye yake kiranta matarsa. Yau dai ba shayi kaɗai ya kawo ta gidansa a unguwar Glenwood ba. Akwai wani Eric, baƙin Ba'amurke, Musulmi, malamin lissafi, da ke son turo magabatansa, babanta kuwa ya ce ba zai ce uffan ba sai tsohon ya amince.

"Na ji ana shirin yi mini ƙwace," in ji Alhaji, yana gyara butar shayi a kan wuta. "Ɗan gidan wa?"

"Smith."

"Ina ne kuma nan?"

"Sunan gidansu ne. A Ingila da can, mai dukan ƙarfe ake ce wa haka. Sana'a ce ta zama suna, kamar a ce Audu Maƙeri, jikoki kuma suka gada."

Tsohon ya dafe rawani. "Maƙeri? Ki bar Buzu mai raƙumi ki bi mai zuga-zugi?"

"Wane raƙumi? Wannan sandar taka mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba ka?"

"Ya fi motarki lafiya."

"Shi fa ko ƙusa bai iya bugawa ba, sunan ne kawai. Kuma duk ƙasar nan ba sunan da ya kai shi yawa. Ga Dean Smith da ya horar da 'yan ƙwallon kwando a jami'ar Chapel Hill, har filin wasa aka sa wa sunansa. Ga Tommie Smith da ya ci zinare a tseren Olamfik."

"Ba dole ya iya gudu ba! Takobi ya ƙera wa wani Buzu ya karye, aka biyo shi."

"Makarantar hayiskul ɗin da na gama ma sunanta Smith."

"Ashe! Shi ya sa kanki ya yi tauri, a maƙera aka buga shi." Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Bon, shi ke nan, kawo shi in gani. Buzu da maƙeri ai abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Yana shigowa zan ce, kai bawana, durƙusa ka gai da ubangijinka."

Nan take dariyar Hafiza ta ɗauke.

"Alhaji, don girman Allah ban da wannan kalmar. A nan ba wasa ba ce. Kakanninsa ba maƙera ba ne, a jirgin ruwa aka kawo su cikin sarƙa. Danginsa suna jin sunan Smith ɗin ma na wanda ya mallake su ne. Nasu na ainihi ba wanda ya san shi. Abin da ke hana ni barci ke nan. Na san za ka tambaye shi asali, shi kuwa ba shi da amsa."

Shayi ya tafaso ya zube, Alhaji Issaka bai ko kalle shi ba. Kunya ce ta kama shi, tausayi ya biyo baya. Can ya shiga murza wani tsohon zoben azurfa a yatsansa, da ƙyar ya fita.

"Wannan wani maƙeri ne ya yi wa babana a Agadas. Kai masa. Daga yau duk wanda ya tambaye shi asali, ya ce maƙeran Agadas, ni ne shaida. Ya zo ranar Lahadi."

Hafiza ta karɓa da hannu biyu, tana share ido da bakin mayafi. "To wasan fa? An fasa?"

"Wa ya ce? Ɓarawon mata zan kira shi, wannan kam da guminsa ya samu. Kuma ya taho da guduma, ƙafar raƙumina ɗaya tana rawa."

"Tsoho, na faɗa maka ko ƙusa bai iya bugawa ba!"

"Zai koya," in ji Alhaji, ya miƙa mata kofi yana dariya. "Ai yanzu ya san gidansu."