Alawar Kwakwar da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙaramar Sallar da na shiga gidan surukaina da faranti a hannu, ina tafe ina wani ɗaga kafaɗa. Har yau in abin ya faɗo min a rai, ko a cikin mota nake ni kaɗai, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarar ne matata Nafisa ta haifi 'yarmu ta fari, Amira. Da yake haihuwar fari ce, kuma aiki aka yi mata aka ciro yarinyar, daga asibiti gidansu aka wuce da ita, can Nassarawa GRA, aka bar ni a Giginyu ina hira da bango. Arba'in ɗinta ya zo daidai ƙarshen azumi, muka shirya cewa ranar Sallah da yamma zan ɗauko su. Sai Hajiya, mahaifiyarta, ta fara jan ƙafa. Ta ce jikin yarinya bai gama warwarewa ba, kuma ba mu da mai taya aiki, to wa zai riƙa ɗora mata tukunya?

Ina durƙushe a gabanta, kaina a ƙasa, na ji bakina yana cewa, "Ai Hajiya ba komai, ina taɓa girki. Duk azumin nan ni nake yi wa kaina." (Allah ya yafe min. Sahur shayi da burodi ne, shan ruwa kuwa masallacin unguwa ne ya riƙe ni.)

Walida, ƙanwar Nafisa, tana bakin ƙofa, ta tuntsire da dariya. "Kai Yaya! Kai da ko ruwan zafi sai ka bugo waya ka tambayi Anti Nafisa ko ya dahu?"

Na ce, "Za ki gani ranar Sallah. Da hannuna zan yi abu in kawo."

Nafisa, baiwar Allah, ta rufa min asiri. Ta ce, "Wallahi, Mama, yana ƙoƙari." Hajiya ta dube ta, ta dubi gefena, ta ce, "To, Allah ya kai mu Sallar."

Na dawo gida na duƙufa a kan waya ina neman abin da zai fitar da ni kunya. Dublan na gani na wuce, cincin ma da na hango kaskon mai na ce ba da ni ba. Can sai na ci karo da bidiyon wata mata tana haɗa alawar kwakwa wadda ba ruwanta da wuta. Garin busasshiyar kwakwa, madarar gwangwani mai kaurin nan, ɗan ƙamshi, a kwaɓa, a mulmula, a cusa dabino a tsakiya, a sake birgima shi cikin garin, a sa a firij. Shi ke nan fa! Na ce wannan ko da ido a rufe zan yi. Har tausayin mata na ji, yadda suke wahalar da kansu a gaban murhu alhali ga hanya a miƙe.

Ranar jajibiri na shiga kasuwa da la'asar. Kun san yadda ake cika a ranar: kowa na turin kowa, masu awo ana kiransu ta ko'ina. Ga azumi ya ɗauko ni, leɓena ya bushe, harshe ya yi nauyi. Na leƙa ta kan kafaɗar wata mata na ce wa mai shagon, "Malam, garin kwakwa nake so. Fari tas, mai laushi."

Ya ce, "Akwai, Alhaji. Mudu nawa?"

A nan ya kamata in tsaya in yi tunani, don na matar nan a 'yar leda mai hoto yake. Amma sai na ce a raina, ashe har a mudu ake sayar da shi, masu manyan kantuna ne kawai suke raina mana hankali. Ya auna, ya ƙulle a baƙar leda, ya miƙo ta saman kawunan mutane. Na fito ina jin ni wayayye ne.

Da na juye a roba na ɗan yi turus. Na ce, ikon Allah, ashe busasshiyar kwakwa haka take kama da wani abu da na sani. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, a waya kawai na gani, kuma a waya ai duk farin gari ɗaya ne. Kafin in kai hanci na riga na tuttula ruwan ƙamshin kwakwa kusan rabin kwalba, gida ya ɗauka gaba ɗaya. Na zuba madara na fara juyawa. Abin ya shanye. Na ƙara gwangwani, ya shanye. Na ƙara wani, ya sake shanyewa yana neman ƙari. Na matar nan gwangwani ɗaya ya isa, nawa kuwa har sai da na haɗa masa da ruwa, ina cewa wannan kwakwa akwai ta da auki.

Za ku ce me ya hana ni ɗanɗanawa? Azumi nake, jama'a! Na san mata kan ɗan taɓa a harshe su tofar, amma ni na ce azumin ƙarshe ne, ba zan yi wasa da shi ba. (Ku ji mai tsoron Allah, wanda ya gama shirga wa surukarsa ƙarya a tsakiyar watan.) Bayan an sha ruwa kuma na riga na jera su reras a babban farantin da aka ba Nafisa cikin kayan aure, na lulluɓe da leda mai sheƙi. In na cire ɗaya jerin zai lalace. Na ɗauki hoto na tura wa Walida, na rubuta, "Ki tanadi bakin yabo."

Da safe kafin in tafi Idi na leƙa firij. Sun kumbura, sun matse juna, ledar ta ɗame. Na ce Alhamdulillahi, albarkar Sallah.

Da azahar na isa GRA cikin sabuwar shadda. Abin da na fara gani a falo shi ne akwatin Nafisa da jakar kayan Amira a jingine kusa da ƙofa. Daɗi ya kama ni. Falon cike yake: Alhaji, mahaifin Nafisa, da abokansa biyu, Hajiya, Walida, sai Inna, kakar su Nafisa, tsohuwar da ba ta iya ɓoye magana ko da a gaban waye. Ita angona take kirana, kuma ba ta taɓa raga min ba.

Na gaishe da kowa, na ajiye faranti a tsakiya, na koma gefen kafet na naɗe ƙafa. Walida ta yaye ledar tana cewa, "Lallai Yaya, a ido dai ka ci jarrabawa." Aka miƙo min na ce Alhamdulillahi, na ƙoshi, don ban taɓa tauna ko gyaɗa a gaban Alhaji ba. Kunyar surukai ita ma ta hana ni sanin abin da na kawo.

Alhaji ne ya fara ɗauka. Ya yi bismillah ya gutsura. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa. Dattijon nan ya kafa wa silin ido yana tauna abin nan da natsuwa, har na fara jin ƙaras-ƙaras daga inda nake. Da ƙyar ya haɗiye, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Masha Allah. Tana da... riƙe ciki." Abokansa suka ce ƙwarai kuwa, kowa yana juya ragowar tasa a hannu yana neman inda zai ajiye.

Ni ko a lokacin ban gane ba. Har murmushi na yi na ce, "Ai ba ta ga wuta ba ma, Baba."

Sai Inna ta sa tata a baki. Ta mamula sau biyu, ta tsaya cak, ta juyo ta dube ni.

"Angona, ina ƙuli-ƙulin?"

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Na ce ina ƙuli-ƙulin da ruwan sanyi? Ka kawo mana garin kwaki ka bar mahaɗinsa a gida? Ke Walida, duba min, wallahi gari ne! Gari ne aka yi wa kwalliyar Sallah, har da turare!"

Innalillahi. Kwakwa, kwaki. Nan take na ji muryata a kasuwa, da busasshen bakina, da hayaniyar nan. Ni da gari ya raina a makarantar kwana, ni da na sha shi da sukari, na sha shi da gishiri, na ci shi gaya, shi ne ya zo gidana ya kwana a firij ban gane shi ba.

Walida ta zube a ƙasa tana dukan kafet. Abokan Alhaji suka saki dariyar da suke ta dannewa. Nafisa tana daga ƙofar ɗaki ta dafe cikinta, tana dariya tana hawaye tana cewa, "Ku bari don Allah, ɗinkina!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda, na rasa inda zan sa idona, sai na ƙura wa zanen kafet ido. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Hajiya kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma nata ya fi ciwo. Cikin sanyin murya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baban Amira. Allah ya yi albarka." Sannan ta juya ta ce, "Walida, in kin gama, mayar da akwatin yayarki ciki."

Ina ji ina gani aka ja akwatin nan aka shige da shi. Wa zai ba da mai jego ga mutumin da bai bambance kwakwa da rogo ba?

Na koma Giginyu ni kaɗai, farantin yana kujerar da Nafisa za ta zauna. Sai da suka ƙara kusan wata guda a GRA. A cikin watan ne Amira ta fara yin dariya, kuma a waya na gani, Walida ce ta turo min, ta rubuta a ƙasa, "Ita ma an ba ta labari."

Tun daga nan na ɗauki darasi. In ban iya abu ba, nakan ce ban iya ba, ko a gaban wa. Kuma duk abin da zan kai gidan surukai, ko ruwan leda ne, sai na fara kurɓa a mota.